Ni Na Amsa a Ɗakin Hoto

Ana sallame sallar asuba muka bar Makka, ni da ƙanwata da mijinta, a tasin wani ɗan Nijar mai tuƙi kamar an biyo shi. Asibiti za mu a Jidda. Ƙanwata na ɗauke da ciki na shida, likitoci kuma sun ce zuciyarta ba za ta kai shi ba, sai an cire. Ni kuwa na fara furfura a gidan aure ko ɓatan wata ban taɓa yi ba, kuma wannan cikin ni ta yi wa alkawarin riƙonsa.

Hanyar sumul take, sai baƙaƙen duwatsu hagu da dama. A shingen 'yan sanda kowa ya laluba iƙamarsa, takardar izinin zama, direban da ke cika baki ya koma salati. Muna shiga Jidda gumi ya karyo mana, abaya ta manne a jiki. A unguwar Bagdadiyya muka karya da gurasar tamis da waken ful, mijin na ta fifita mata shayi yana lallashi. Wallahi kishi ya turnuƙe ni. Har aman da ta yi a bakin titi sai da na ji ina ma nawa ne.

A asibitin aka ce ƙa'idarsu ke nan: ba a cire ciki sai an yi hoto, ba na saman ciki ba, wanda ake zura na'ura ta ƙasa. Sannan uwar ta dubi allon, ta faɗa da bakinta cewa ta gani. Gadon nan na san shi sarai, na sha hawansa ana nuna mini mahaifa wayam. Ƙanwata ta damƙe hannuna.

"Yaya, ba zan iya kallo ba. In na gan shi, ba zan bari a taɓa shi ba."

Mai ɗaukar hoton Balarabiya ce, idonta na kan allo, ko waiwayarmu ba ta yi. Na'urar na shiga ƙanwata ta cije, ta runtse ido, hawaye na jiƙa niƙabinta. Ni na buɗe nawa. Ga shi ɗan mitsitsi, wani abu na bugawa a tsakiyarsa da sauri-sauri. Zuciyata ta ce in yi shiru, a tilasta mata ta duba, ta fasa, ai nawa ne.

"Yalla ya ukhti, shufti?" in ji matar, wato kin gani?

Ƙanwata ba ta motsa ba. Mu biyu duk fuska a rufe, ba mai gane bakin da ya yi magana. Na ce, "Shuft," wato na gani.

"Halas," ta ce, wato shi ke nan, ta zare na'urar.

An yi aikin lafiya. Da aka sallame ta muka huta a unguwar Mahjar, gidan wata goggonmu, aka soya mana kifin teku wanda ban ji ɗanɗanonsa ba. A hanyar komawa ta kwantar da kai a kafaɗata.

"Yaya, ya fara kama da mutum?"

"Duhu kawai na gani," na ce.

Muna isa Makka 'ya'yanta biyar suka yo kanta da gudu, ni na wuce gidana na kunna fitila. Tafiyar nan ba ta raba ni da kishi ba, ta dai nuna mini ran ƙanwata ya fi shi nauyi a wurina. Ita ta dawo da ranta, ba ta san kamannin abin da ta rasa ba. Ni da ban taɓa haihuwa ba, ni nake ganinsa duk lokacin da na rufe ido.