Tsagar da ke Bangon Alƙibla

Wata Laraba ce, a farkon shekarun 1960, ina 'yar shekara tara, aka wayi gari Jidda ta cika da ruwa. Kwana biyu sama tana zuba, abin da akan yi shekaru ba a gani ba. A gidanmu na katako da kwano da ke unguwar Sa'alaba, babu tukunya ko tasar da ba mu tara a ƙarƙashin yoyo ba. Ina tsakar gida ina kwalfe ruwa da gwangwanin madara sai ga ladanin wani tsohon masallaci na cikin gari, jiƙe sharkaf har gwiwa, yana neman kakana. Ya ce bangon alƙibla ya tsage, kuma hukumar gari ta turo injiniya, ya ce rushe masallacin za a yi.

Kakana, Malam Idi Magini, wanda muke kira Sidi kamar yadda 'ya'yan Jidda ke kiran kakanninsu, da ƙafa ya zo hajji daga ƙasar Hausa ta Sudan, tun yana saurayi, bai kuwa koma ba. A nan ya koyi gini da dutsen da ake haƙowa daga bakin teku, har ya zama shi ake kira duk lokacin da masallacin nan ke buƙatar gyara. A wannan lokacin cutar yana ta riga ta rufe masa ido, ni ce nake riƙe masa sanda. Da safe in bi layin famfon unguwa da 'yar garwata, in dawo in taya Umma ɓarar gyaɗar da take soyawa, in tafi makarantar allo. In na sami sarari mu yi 'yar carafke da tsakuwoyin bakin teku. Amma da Sidi ya ce, "Yalla, maza, Amarya, ɗauko sanda," to wasa ya ƙare.

Masallacin ƙarami ne, sai an sauka matakala uku kafin a shiga, domin titi ya yi ta tashi a kansa tsawon ɗaruruwan shekaru. Babu wanda ya san takamaimai wanda ya gina shi. Wasu su ce wani matuƙin jirgin ruwa ne da Allah ya tsirar daga nutsewa, wasu su ce wata attajira ce da ba ta haihu ba. Dutsensa fari ne, mai ramuka kamar soso, in ka ƙura ido za ka ga sawun ƙananan halittun teku a jikinsa. Bayan kowane jeri shida na dutse, an kwantar da dogon itace a cikin bangon kamar ɗamara. Ginshiƙai huɗu ne a ciki, babu biyu da suka yi kama da juna. Hasumiyar gajera ce, tagogin na katako ne masu raga, iskar teku na shigowa ta cikinsu ta sanyaya tabarmi.

Muka tarar da jama'a sun taru, injiniyan, wani matashi mai farar riga, yana riƙe da takarda. Ya gaida Sidi da ladabi, ya ce, "Halas, ya Ammi," wato shi ke nan, baffa, "bangon nan ya mutu." Sidi ya matsa gaba. Ya bi bangon yana ƙwanƙwasawa da sanda, kunnensa manne da shi. Can ya juyo ya ce mini, "Amarya, yau ke ce idona. Bi tsagar nan ki gaya mini, ta tsaya a kan itacen ƙasa ko ta wuce shi?"

Na san amsar da yake so. In ta wuce, harsashi ne ya motsa, masallaci ya tafi. Na durƙusa na bi tsagar da yatsa, na cusa hannu inda na manya ba zai shiga ba. Itacen ya biyo yatsuna a marmashe, kamar jiƙaƙƙen burodi. Ƙasa da shi kuwa dutse lafiya lau. Na ce, "Ta tsaya, Sidi, itacen ne ya ruɓe." Ya ce, "Sake dubawa. Mutane ne za su sa goshi a gindinsa, kada ki faɗa don ki faranta mini." Na sake bi tun daga sama. Na ce na tabbata. Injiniyan ya tattare rigarsa ya durƙusa kusa da ni, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce ya ba da mako biyu a gwada gyarawa.

Tsofaffin abokan aikin Sidi suka hallara, Hausawa da Yamalawa, wasu da ƙyar suke miƙewa. Suka tokare saman bangon da gumagumai, suka zare duwatsun da ke kan itacen ɗaya bayan ɗaya, suka cire ruɓaɓɓen suka zura sabo. Sidi na zaune a kan akwati, ina faɗa masa abin da ake yi, yana ba da umarni. A rana ta biyar, wajen ɓamɓare tsohon shafe a mazaunin liman, sai ga zanen furanni da wani rubutu na da an sassaƙa a jikin dutse. Na kasa karanta shi, sai na ɗora hannun Sidi a kai. Ya yi ta shafawa, hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Shekara arba'in ina shafa wa wurin nan farar ƙasa, ban san abin da nake rufewa ba." Ranar da injiniyan ya dawo, ya duba aikin, ya ninke takardarsa ya sa a aljihu, ya sunkuya ya sumbaci kan Sidi.

Bayan shekara biyu Sidi ya rasu, a gaban bangon nan aka yi masa salla. Yanzu ina zaune a unguwar Kurayyat, a hawa na uku na gidan siminti. Masallacin yana nan, an sa masa na'urar sanyaya ɗaki, an rufe tagogin da gilashi, baƙi na tsayawa suna ɗaukar hoto. Wani lokaci nakan kai jikokina, in ba su labarin da Hausa, su amsa mini da Larabci. Babu sunan Sidi a ko'ina a jikin ginin, kuma na san ba zai damu ba. Ni ce dai har yau nake damuwa.