Ƙarar da Baba Yake Kai wa Ubangiji

Duk 'yan cocinmu sun ɗauka gidanmu ya fi kowane gida ibada, don kullum da safe suna jiyo addu'ar Baba ta katanga. Ba su san ƙara yake kaiwa ba.

Tun da ƙanena ya fara zama saurayi, Baba ya daina yi masa faɗa. Sai mu durƙusa a tabarma, ya rufe ido ya ce, "Ya Ubangiji, ka ga wanda ya tafi kallon ƙwallo, ya bar awaki suka cinye gyaɗar maƙwabta. Ban kama suna ba." Mu uku ne a gabansa, kuma ni da Inna ba ma kallon ƙwallo. Ƙanena ya fi kowa ɗaga murya wajen cewa amin, daga nan shi da Baba su wuni ba mai ce wa wani uffan.

Shekaranjiya na tarar da ƙanena yana cusa kayansa a buhu. Wai Kano zai tafi, ya gaji da uban da sai ya bi ta sama kafin ya yi masa magana. Na ƙwace buhun.

Gobe ni ce da addu'a. Zan kama sunan kowa, har da Baba, kuma ba zan rufe ido ba.