Shayin Mbah Tumirah

Pak Darmaji, wato Malam Darmaji a bakin mutanenmu, shi ne ya koya mini aikin jarida, kuma ba da lallashi ba. Shekara ashirin da shida ya yi yana zagaye garuruwanmu na gaɓar tsibirin Jawa a kan wani tsohon babur mai tari, aljihun rigarsa duk tabon tawada. Ran da na kai masa labarina na farko, kan gobarar kasuwar kifi, ko layi uku bai karanta ba ya ɗago kai.

"Ningsih, kin je wurin?"

"Na dai buga waya, Pak."

"Wayar ce ta shaƙi hayaƙin? Tashi ki ba ni wuri. Je ki gano da idonki."

Da jaridarmu ta durƙushe, ni na samu wata, shi kuwa ya zama kakakin wata masana'antar rini. Ban ga laifinsa ba, 'ya'ya uku gare shi a makaranta. Amma duk ran da na gan shi cikin riga mai karin guga yana raba wa 'yan jarida takarda, sai in ji wani iri.

Sai kogin ƙauyen Sidomukti ya rine ya koma ja. Rijiyoyi suka fara wari, ƙuraje suka feso wa mutane. Can aka haifi Pak Darmaji, don haka masu masana'anta suka ce ɗan gida ne zai kwantar da hankalin 'yan gida, suka tura shi ya yi taro da su. An kuma gaya masa ƙarara, in taron ya watse ba daɗi, kada ya dawo ofis.

A barandar mahaifiyarsa aka yi taron, Mbah Tumirah, wato Kaka Tumirah, mai tuyar ayaba, tsohuwa 'yar shekara tamanin. Ya miƙe ya karanta takardarsa ba ko gargada: an gwada ruwan rijiyoyi, lafiyarsa ƙalau, kowa ya sha. Ina riƙe da kyamara, kunya kamar in nutse.

Yana zama tsohuwa ta fito da tire, ta dire masa kofin shayi, ta riƙe ɗaya. Kowa a nan ya san in mai gida ta ce bismillah, ba a mayar mata da kofi a cike.

"Bismillah, ɗana. Na rijiyarmu ne, da kaina na jawo da safe."

Ya dubi kofin. "Inna, ina ruwan gorar da..." Sai ya haɗiye sauran.

"Wanda kake aiko mini duk Juma'a? Wata huɗu ina sha, maƙwabtana na shan rijiya. Yanzu ka ce lafiyarsa ƙalau. Ɗana ba ya ƙarya."

Ta kai kofin baki.

Ban san mutum mai shekara sittin na da irin wannan zafin nama ba. Ya zabura ya kaɗe kofin daga hannunta, ya tarwatse a ƙasa. Wata mata ta ɗora hannu a ka tana salati. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga wa uwarsa murya ba, yau ya doke mata hannu a gaban gari! Ni kaina sai daga baya na gane yatsana ya riga ya danna kyamara.

Da mutane suka watse na same shi a bayan gida, durƙushe gaban tsohuwar, yana zuba mata ruwan gora a hannun da shayi ya ƙona. Ita ko kallonsa ba ta yi. Wayarsa na ta ruri a aljihu, bai ɗauka ba.

"Pak," na ce, "hoton nan in ya fita, aikinka ya tafi. Bari in goge shi."

"Goge me? Ke 'yar jarida ce ko 'yar aiken masana'anta?"

"Yaranka fa, Pak?"

Ya busa hannun uwarsa a hankali, sannan ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Kin leƙa rijiyar da kanki?"

"A'a, Pak."

"To me kike yi a kaina? Guga na nan a bakinta."