Ranar Da Inna Ta Kira Sunana

A lokacin ban daɗe da gama koyon aikin fim a Yamai ba, ga ƙuruciya ga zafin kai, ina ganin babu abin da kyamara ba za ta gyara ba. Ni ɗiyar fari ce, haifaffiyar Filinge. Kowa ya san al'adarmu: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi gaban mutane. Amma kunyar Inna ta wuce ta kowa. Ana yaye ni aka kai ni riƙo wurin gwaggona a Baleyara, inda na sha duka har na daina kuka. In na zo hutu, Inna ba ta da sunan da take kirana da shi sai "waccan", ƙannena kuwa har kirari take yi musu. Abin ya ci mini rai tun ina ƙarama.

Sai na dawo gida wai zan yi fim a kan ƴaƴan fari. Gaskiyar magana, so nake in ji sunana a bakinta. Na kafa kyamara a tsakar gida Inna tana surfen gero, na yi ta jero tambayoyi tana kau da kai, har ta ce in kashe wannan abu in zo in kama mata bakace. Na ce na kashe, alhali kyamarar tana ɗauka. Muna cikin aiki ta soma magana ba tare da ta dube ni ba. Ta ce ita ma ɗiyar fari ce, a Tabla aka riƙe ta, har uwarta ta rasu ba ta taɓa jin sunanta a bakinta ba. Ta ce ranar da aka tafi da ni bayan rumbu ta laɓe ta yi kuka, don kada kakata ta ce ba ta da kunya. Tana gama faɗa mini haka sai ta kira sunana, a hankali, sau ɗaya.

Maimakon in riƙe wannan a zuciyata, sai na sa shi a fim. Aka nuna a Yamai, aka yi mini tafi, kaina ya kumbura. Ba a jima ba wani ya yanko wurin da Inna ta yi maganar, ya bi wayoyi har ya iso Filinge. Mata suka riƙa kwaikwayon muryar Inna a gidajen suna suna dariya. Abin haushi, da yawansu ƴaƴan fari ne, ciwon nan suna da shi! Inna ta daina zuwa biki. Da na je ba ta haƙuri, ta sa aka kawo mini ruwa kamar baƙuwa, ta ce wa ƙanwata ta gaya wa waccan cewa ɗiyarta ta faɗa wa magana, ba inji ba.

Har gobe ina jin haushin al'adar da ta hana uwa rungumar ɗanta, kuma tawa ɗiyar farin ina kiran sunanta har ta gaji da amsawa. Amma haushin kaina ya fi. Ku masu son tono ciwon gida da kyamara, ku nemi yardar mai ciwon, in ya ce ku kashe ku kashe. Inna tana nan da ranta, lafiyarta lau, amma in ina son jin sunana a bakinta sai dai in kunna na'ura.