Sai Albasa Ta Yi Kuɗi

Yayana manomin albasa ne a fadamar Goronyo, mutum mai taurin kan tsiya. Shekarar da ciwon kai ya kama shi, wata biyar yana shan maganin zazzaɓi daga kemis. Yana tashi da amai, yana tuntuɓe da buta a tsakar gida, matarsa tana cewa sammu ne. Ni ina koyarwa a Wurno. Ran da na zo na ga ya miƙa hannu gefen kwanon tuwo yana lalube, na ce masa sai mun je asibiti.

Da kyar na ja shi Sakkwato aka yi hoton kai. Likita ya nuna min wani ƙullutu a ƙwaƙwalwa, ya ce yana danne jijiyar ido. In aka yi aiki cikin mako uku, akwai fatan ganinsa ya tsira.

Abin da muka mallaka duka yana cikin rudu, rumfar karan da ake ajiye albasa. Lokacin kowa ya cire tasa, kasuwa ta cika, buhu ya faɗi warwas. A wurinmu mai hankali ba ya sayarwa a lokacin, jira ake sai damina ta kankama.

"Yaya, mu saida ta yanzu," na ce.

"Mi? In zubar da wahalar rani guda don ciwon kai? Kai ɗan boko, gaggawa gare ka. Kaina na, ba naka ba."

Na kai ƙara wurin baffanmu, shi ma ya ce a yi haƙuri, wata biyu kamar gobe ne. Na ji haushi, amma ƙane ba ya buɗe rudun wansa. Na koma makaranta. Duk ƙarar waya sai in duba ko daga gida ne.

Albasa ta yi kuɗi kuwa, fiye da yadda ya zata. Muka koma asibiti bayan wata uku, aka yi aiki, aka cire ƙullutun. Ya rayu, alhamdulillahi.

Kwana biyar bayan aikin likita ya zo zagaye. Ya tsaya daf da fuskar Yaya, ya ɗaga yatsu uku, ya ce ya faɗi ko nawa ne. Ni ina tsaye a ƙafar gado.

Yaya ya gyara zama, ya buɗe ido sosai, ya jira.

"To likita," ya ce, "ɗaga hannun mana in gani."