Kawu Kumfa, Mai Kula da Ruwan Kifi

Kafin rana ta yi zafi ake jin ƙarar kekensa a lungunmu, bokiti a rataye a gaba, tiyo da 'yar koma a ɗaure a baya. Duk mai kududdufin kifi a bayan gida, shi ke zagayo masa. In ya yi sallama, sai ya wuce bakin siminti ya tsuguna ya shinshina ruwan, ya kwashe ganyen da ya faɗa, ya cire soson da ke tace datti ya wanke. Sannan ya zuba wa kumfar da injin iska ke turowa ido, kamar mai sauraron numfashin jinjiri. Shi ya sa muke ce masa Kawu Kumfa, kuma yana amsawa.

Maƙwabciyarmu mai ɗinki har yau tana ba da labarin lokacin da ruwanta ya koma kore shar, yana wari. Ashe abinci take antaya wa kifin safe da yamma.

Ta ce, "Kawu, ni fa tausayinsu nake ji."

Ya ce, "Ke in aka cika miki ɗaki da abinci aka rufe taga, godiya za ki yi?"

Ya rage ruwan, ya kankare gansakuka, ya nuna mata iya abin da za ta riƙa watsawa. Bai sake tayar da zancen ba.

Namu kududdufin Innarmu ce ta sa aka gina, ita ta zuba kifin karfasa a ciki. Bayan rasuwarta Babanmu ya samu shanyewar ɓarin jiki, magana ta yi masa nauyi. Ba ya son rediyo, ba ya son baƙi. In dai an ajiye masa kujera a bakin ruwan nan, zai ci abinci, zai sha magani.

Wata rana aka ɗauke wuta tun safe, ga zafi kamar gari zai kama. Da rana tsaka na ji Baba yana dukan hannun kujera. Na fito na tarar da kifin duk sun taso sama suna buɗe baki, injin ya yi shiru. Baba yana nuna su, kalma ta ƙi fita.

Kawu yana kan hanyar dawowa daga asibiti, inda aka duba masa gwiwa, lokacin da na kira shi. Bai ko biya gida ba.

Ya ce, "'Yata, kar ki ba su komai. Iska ce ta ƙare musu. Miƙo bokiti."

Ya riƙa kamfatar ruwan yana ɗagawa sama da kansa yana kwararo shi, don ya sha iska kafin ya koma. Ya tura mijina neman aron injin mai batir. Na karɓi bokitin daga hannun Kawu, ban jima ba kafaɗata ta sage, ya sake karɓa. Haka ya tsaya a kan gwiwar nan, rigarsa sharkaf, har mijina ya dawo.

Kaɗan ne suka mutu, amma har da babban, wanda Inna ta fi so. Na yi niyyar ɓoye wa Baba. Kawu ya girgiza kai, ya ɗauke shi da hannu biyu ya durƙusa gaban Baba.

Ya ce, "Yaya, wannan ya tafi. Sauran suna nan, duba."

Baba ya shafa kifin, hawaye na zuba. Can ya kama hannun Kawu, da ƙyar ya ce, "Sannu."

Kawu, kai ne ka ƙi yi wa marar lafiya ƙarya a ranar da ni 'yarsa na so yi. Kai ne ka gane cewa ba kifi kaɗai ke rayuwa da ruwan nan ba. Gwanin da ba ya jiran a gani, washegari ma kai ka dawo ka ɗora ganga a sama, ka ja bututu, yadda ruwa zai riƙa zubowa ko babu wuta.

Bana gwiwa ta ci ƙarfin Kawu, 'yarsa ta ce ya isa haka. Yanzu da sanda yake zuwa, ya zauna kusa da Baba, ni ke aikin suna kallo. In na yi ha'inci ya ce, "Sake, 'yata. Su kifin ba su da bakin kai ƙara."

Mun gode, Kawu. Allah Ya ba ka lafiya, Ya saka maka da alheri. Ku kuma masu karatu, duk wanda aka damƙa wa abin da ba ya iya cewa ya ji ciwo, dabba ne, shuka ce ko tsoho, ya riƙa zuwa dubawa tun ba a kira shi ba.