Hatimin Kwanan Wata

A zamanin da kowa ya zama kamarad, har limamin unguwarmu, ni ne mai buga wasiƙu a ofishin ƙungiyar masu motocin goro a Parakou. Taubashina yana irin wannan aiki a reshenmu na Djougou. Tare muka koyi tafireta, kuma na fi shi sauri, ko shi bai taɓa musun wannan ba. Babban sakatarenmu ya kusa ajiye aiki, kowa kuwa ya san a cikinmu biyu za a ɗauki magajinsa.

Abin da ya ci mana tuwo a ƙwarya shi ne kwanan wata. Hukuma na son na Nasara a kan kowace takarda. Dattawan fatake kuwa ba ruwansu da shi, watan sama suka sani. Sai a kira taro, wasu su zo yau, wasu gobe.

Na yi makonni ina zane ina yagewa, har na fito da hatimi mai layi biyu: sama kwanan Nasara, ƙasa na Musulunci, da ƙananan lambobi da ake cirewa a sauya. Da shi za a buga ranar rubutu, da shi za a buga ranar taro, a kowane reshe. Na haɗa da jadawalin shekara guda, wannan wata kwana talatin, na bayansa ashirin da tara. Wani mai sassaƙa roba a unguwar Ganou ya yanka mini guda biyu. Ranar da na kai su gidana a unguwar Albarika, har kwalin sabulun matata sai da na buga wa. Na aika wa taubashina ɗaya, ba don Allah ba, don ya gani ya ji haushi.

Wasiƙar farko ta kira dattawan Djougou taro ran uku ga Sha'aban, bisa jadawalina. Ashe su ba su ga wata a ranar da na ƙiyasta ba. Layin ƙasa kaɗai suka duba, suka iso washegarin taro, mota biyu cike da tsofaffi sun sha rawani.

Shugabanmu ya kira ni gabansu. "Kamarad, wa ya ce maka an ga wata?"

"Lissafi ne, Alhaji."

"To, lissafin ya ba su masauki."

Bayan mako guda taubashina ya zo da hatimin da na aika masa. Ya sa reza ya yanke gurbin lambar a layin ƙasa, ya bar fili, ya ƙara sunan rana a gaba. Ya ajiye mini a kan tebur yana murmushi.

"Bawana, wata ba ya karanta jadawalinka. Kowane gari ya cike nasa da hannu. Laraba kuwa Laraba ce, ko a Parakou ko a Djougou."

Na yi dariya don taubasantaka ta wajabta. Makonnin da na yi ina wahala, shi ya zo da reza! Abin da ya fi ƙona mini rai, na juya hatimin nan ta ko'ina ina neman aibu, ban samu ba. Kishi na ji, tsagwaronsa, ba zan saka masa wani suna ba.

Aka yanka irinsa aka raba wa rassa duka. Direbobi suka riƙa ce masa tampon Djougou, wato hatimin Djougou da Faransanci. Sau biyu na gyara musu, na ce a Albarika aka haife shi, suka ce to, suka ci gaba da abinsu.

Da lokacin naɗin sabon sakatare ya yi, ni aka miƙa wa takardar in buga, tunda na fi kowa sauri. Na buga sunan taubashina ba kuskure ko ɗaya. Na ɗauki hatimin na danna a sama, ranar Alhamis ce, sannan na cike filin da ya yanke da hannuna.